Taɓa BIOS ɗin tsohuwar kat-mer: gyara ne ko ganganci?

Bashir Kuseri: Salamu alaikum jama'a. Maganar da nayi a shago jiya ita zan maimaita anan kowa ya faɗi nasa. Nace duk tsohuwar kat-mer (babban allon cikin kwamfuta) ta zamanin soket LGA1155 da muke zubarwa a kwali ba mutuwa tayi ba, BIOS ɗinta ne, wato ɗan rubutun cikin cif da ke tada inji, ya tsaya a 2012 bai san NVMe ba, sabon nau'in disk SSD mai gudu. Ni na haɗa tawa da allon Z77 da furosesa i5-3570, na buɗe fayil ɗin BIOS da UEFITool na cusa direban NvmExpressDxe a ƙarshen jerin DXE, na mayar, na sa adafta ta M.2 a ramin PCIe mai layi 4, yanzu Windows daga NVMe take tashi kuma na auna da kaina ya wuce 1500 MB a sakan. Don haka nace mai gyaran da zai ce wa mutum je ka sayi sabuwar kat-mer alhali wannan hanyar tana nan, bai kyauta masa ba.

Malam Sani Garwa: Wa alaikumus salam. Bashir ɗana, aikin ka yi shi kuma Allah ya ƙara basira, amma kalmar "duk" ɗin nan ka cire ta. Ni na kashe injin mutum da hannuna ta wannan hanyar. Watan Afrilu ne lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya ana ta ɗauke kuran, ina tsakiyar filashin, wato rubuta BIOS ɗin a cif, sandar ta kai kamar rabi, wuta ta tafi, ondiler ɗina (UPS) batirinsa zafi ya riga ya cinye shi ko minti ɗaya bai riƙe ba. Da aka dawo da wuta fanka na juyawa allo baƙi ƙirin, ko ƙara babu. Injin wani bawan Allah ne mai buga takardun ɗalibai a bakin lise, kwana 9 yana zirga-zirga shagona, wlh har yau in na gan shi kunya nake ji.

Bashir Kuseri: Allah ya kiyaye gaba Kawu. Amma wannan ai laifin wuta ne, ko BIOS na kamfani kake sakawa wuta ta ɗauke haka zai mutu

Malam Sani Garwa: Haka ne. Bambancin shine na kamfani akwai dalilin da ya tilasta, wannan kuwa ni na kai kaina. Injin yana aikinsa lafiya lau.

Hajiya Mairo Marwa: Ku yi haƙuri in shigo da tambaya tunda abin ya shafe ni. Ina da injuna 3 a sakatariya ta, ƙanena ne ya haɗa min su, a jikin allon an rubuta H61. Matsalata kile ce, wato filas ɗin USB, in mutum ya kawo hotunan biki ko bidiyo a kwafa masa sai mu zauna muna kallon juna. Wani yaro yace min in ya gyara BIOS ramukan USB ɗin zasu koma USB 3. Malam Bashir gaskiya ne? in gaskiya ne gobe ma zan aiko da ɗaya a mota.

Idi Ngaundere: Hajiya don Allah kar ki aika. Wannan yaron ko bai sani ba ko kuɗinki yake so. H61 ba ta da USB 3 a cikin cif ɗinta sam, USB 2 ne kawai mai 480 megabit, shi kuwa USB 3 mai 5 gigabit yana da nasa kwantirola da ƙarin wayoyi, ki leƙa cikin ramin mai shuɗi zaki ga ƙarfe 9 ne, na baƙin 4 ne. BIOS rubutu ne kawai, yana koya wa allon yadda zai yi magana da abin da yake jone a jikinsa, baya iya tsiro da waya inda babu. Sai 7 siris irinsu B75 da Z77 ne Intel ta fara saka USB 3 a ciki, guda 4. Wasu H61 ɗin kamfani ya manna musu ƙaramin cif daban, waɗannan zaki ga rami shuɗi a baya. In naki duk baƙaƙe ne, maganin shine ƙaramin kati na PCIe x1 mai cif ɗin Renesas ko VIA VL805, a soka a rami, Windows 10 zata gane shi da kanta, ba ruwan BIOS.

Bashir Kuseri: Wannan na yarda, ni ban taɓa cewa USB ba. Hajiya abin da Idi ya faɗa shine daidai. Ni NVMe nake magana, shi ramin PCIe yana nan tun asali, direba ne kawai babu.

Idi Ngaundere: Toh abokina mu tsaya kan NVMe ɗin ma. Kai Z77 gare ka, allon masu hali ne a zamaninsa. Nawa ne a cikin injunan da ke shigo mana daga Duwala ko ta Mubi suke Z77? yawanci H61 ne ƙanana, rami x16 ɗaya da x1 ɗaya ko biyu. Ramin x1 ɗin PCIe 2.0 ne, 500 MB a sakan a takarda, a aikace ƙasa da haka. Kenan ka saka allo a haɗari don ka samu gudun da bai kai na SSD ɗin SATA 3 ba. In ka saka a x16 kuma ina zaka kai katin hoto? mai wasa ko mai haɗa bidiyo ba zai yarda ba.

Bashir Kuseri: Ka manta abu ɗaya. H61 ba ta da SATA 3, SATA 2 ne 300 MB iyakarta, in ka auna zaka ga 270 ko kusa. Kaga ko x1 ɗin ya fi shi. Kuma injin ofis irin na Hajiya baya buƙatar katin hoto, na cikin furosesa ya isa, x16 ɗin yana zaune banza ƙura ce kawai ke shiga.

Idi Ngaundere: Ya fi shi a ma'auni. Mai buga Word da Excel ba zai ji bambanci tsakanin 270 da 400 ba, abin da mutum ke ji shine tashi daga disk mai juyawa zuwa SSD kowane iri. Maganar x16 kuwa na ba ka, anan kana da gaskiya.

Musa Njamena: Yayyena ku bari ƙaramin cikinku ya saka baki. Akwai hanya ta uku ba wanda ya ambata. A saka Clover, wata manhajar tada inji, a ƙaramar kile tare da wannan direban na NVMe ɗin, BIOS ya tashi daga kile, Clover ya loda direba ya ga disk ɗin ya miƙa wa Windows. Ba a taɓa cif ba ko kaɗan, in abin bai yi ba ka zare kile shikenan. Ni haka nayi wa injuna 2 a nan, ƙarin 'yan sakanni ne kawai wajen tashi.

Malam Sani Garwa: Musa wannan ta fi kwanta min, amma a gidanka. A sibar ko sakatariya kile a bayan inji ba ta kwana, ko yaro ya zare ya tafi da ita ko ma'aikaciya ta ga kile ta goge ta saka fayil ɗin kwastoma, da safe a kira ka inji ya ƙi tashi.

Musa Njamena: Ana iya ɓoye ta ciki Malam, akwai 'yar waya da ake sokawa a fil ɗin USB na jikin allo sai kile ta zauna cikin akwati a rufe da sukuru

Malam Sani Garwa: Madalla, wannan dabara ce mai kyau, zan gwada.

Bashir Kuseri: Clover tana aiki ban musa ba amma faci ne, ni nafi son aiki a gama shi gaba ɗaya. Kuma Kawu tsoron da kake ji yana da magani. Furogirama CH341A, 'yar na'urar karanta cif da rubuta shi, da ɗan maƙalinsa, ka karanta cif ɗin kafin ka taɓa komai ka ajiye kwafi, ko wuta ta ɗauke sau goma ka sake rubutawa allo ya tashi. Cif ɗin ƙafa 8 ne, galibi Winbond 25Q64 mai 8 MB ko 25Q32 mai 4, wasu allunan ASUS ma a soket yake zaune ka ɗaga shi da hannu ba sai ka kunna ayan ɗin solda ba.

Malam Sani Garwa: Yanzu ka zo inda nake so. Da da wannan ka fara da ban ce uffan ba. Abin da ya tada min hankali shine yaran da ke cikin wannan rukuni, masu koyo sun fi mu yawa, zasu karanta saƙonka na farko su ji kamar saka direban firinta ne. Ba ka gaya musu cewa a karanta cif sau 2 ko 3 a gwada ko kwafin sun zo iri ɗaya ba, don maƙalin nan in bai kama ƙafa da kyau ba shara zai karanto maka ka ajiye kana murna kana da kwafi. Ba ka gaya musu baƙin CH341A ɗin da ya cika kasuwa da yawansu 5V suke turawa a layin data alhali cif ɗin na 3.3V ne. Ba ka gaya musu cikin cif ɗin ba BIOS kaɗai ke zaune ba, akwai yankin Intel ME mai kula da allon ta ƙarƙashi, akwai lambar MAC ta katin rezo (na netwok) da siriyal na allon, in ka ɗauko fayil ɗin wani daga intanet ka shafe naka dashi sai inji ya tashi rezo ya ƙi, ko ya riƙa mutuwa da kansa bayan minti 30 saboda ME ya lalace. Ni injin mai takardun nan a ƙarshe da furogirama na tada shi, amma da yake ban ajiye kwafinsa na asali ba sai da na saka masa katin rezo daban daga aljihuna.

Idi Ngaundere: Ƙari akan na Malam, ASUS fayil ɗinsu na CAP yana da sa hannu, in ka canza ko harafi ɗaya EZ Flash zai ƙi karɓa, sai ta USB Flashback in allon na da shi ko ta furogirama. Gigabyte masu DualBIOS su da sauƙi tunda akwai cif na biyu. Sannan dole a tsara disk da tsarin GPT a girka Windows ta UEFI, kuma kar mutum ya firgita in bai ga sunan disk ɗin a jerin but ba, sai an gama girkawa Windows Boot Manager ke fitowa. Masu Windows 7 kuma ita bata san NVMe ba sai an cusa mata gyara.

Bashir Kuseri: Na karɓi gyara akan "duk", na janye ta. Amma ban janye cewa a daina tura talaka sayen sabon allo ba. Sabon allo yana jan sabon furosesa da sabuwar RAM, DDR3 ɗinsa ta tashi a banza, sefa dubu nawa kenan a wannan marrar?

Idi Ngaundere: Ni kuma ban janye cewa a yawancin injunan SSD ɗin SATA ya wadatar ba. Kuma ka tuna Microsoft ta daina tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son TPM 2.0 da Intel ƙarni na 8 zuwa sama, waɗannan namu ƙarni na 2 da na 3 ne. Shekara nawa kake saya wa mutum da wannan wahalar?

Bashir Kuseri: Ko 3 ce ai shekara ce. Akwai Linux kuma.

Malam Sani Garwa: Sharaɗina ɗaya ne ko a shagona ko ga yaran da na koyar: injin kwastoma ba a taɓa cif ɗinsa sai an gaya masa da baki cewa zai iya mutuwa ya ce ya yarda, kwafi yana ajiye a wuri 2, kuma daga laftof mai cikakken caji ake rubutawa, ba a dogara da kuran ba. Naka na kanka kayi yadda kake so.

Hajiya Mairo Marwa: Na leƙa bayan injunan yanzu, duk ramukan baƙaƙe ne, kuma akwai ƙaramin rami gajere a ciki babu komai a kai. Malam Idi katin nan guda 3 zan nema kenan? kuma disk ɗin ciki har yanzu mai ƙara ne, shi ma a canza?

Idi Ngaundere: Eh Hajiya, gajeren ramin shine x1. Ki fara da kati ɗaya a gwada, ki duba in yana da wurin soka wutar SATA ko Molex a jona masa, in ba haka ba disk na waje zai riƙa yankewa. Kile ɗin ma sai ta kasance USB 3 kafin ki ga gudun. Disk kuma SSD na SATA 256 GB ya ishe ki, ba sai an taɓa BIOS ba.

Bashir Kuseri: Hajiya ki turo min hoton allon inda aka rubuta lambar model dai, ina so in ga girman cif ɗin. Kawu ranar Asabar ina shigowa Garwa ɗaurin aure, zan taho da Z77 ɗin ka gani da idonka.

Malam Sani Garwa: Allah ya kawo ka lafiya. Ka taho da furogiramarka ma mu sa mata mita mu ga ko 5V take bayarwa.