Tsire a Gida da a Zango: Yadda Kowa Ya Tarar da Shi

Mai buɗe zance, daga Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya ci tsire a wani gari ya faɗa mana yadda ya same shi, domin na lura tukuba, wato tudun tokar da ake kafa tsire a kai don gashi, tana neman ɓacewa. A unguwarmu mahauci yakan fere naman falan-falan, ya soke shi a tsinke, ya turmusa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da citta da masoro da barkono, ya yayyafa man gyaɗa, sannan ya kakkafa tsinkayen a tudun toka kewaye da wuta, yana juya su sannu a hankali ba tare da harshen wutar ya lashe su ba. Yanzu matasa sun koma gashi a kan ragar waya, kuma a bakina ɗanɗanon ya bambanta.

Mazaunin Legas: Malam, a Obalende sunansa suya, kuma galibin masu gashin mutanenmu ne. Masu saye sun fi son a zare naman daga tsinke, a yayyanka shi, a ƙara yaji, a ƙunshe a takarda da albasa da tumatir.

Wata Hajiya daga zangon Kumasi: Mu cicinga muke ce masa, yankansa ya fi na Kano kauri, kuma wasu sukan jera albasa tsakanin naman. Ko a bikin waɗanda ba Hausawa ba, na sha ganin an kira ɗan zango ya kafa wutarsa.

Direba daga Yamai: Ni cikin dogon burodi aka saba zuba mini shi, abincin dare ya samu.

Dattijo da ya zauna a Omdurman: Hajiya, zancenki ya tuna mini da agashe na Sudan, sana'ar jikokin alhazan da suka nufi Makka a ƙasa suka yada zango a can. Har kaza da kifi suke yi wa wannan haɗi na gyaɗa, a matsa lemun tsami a kai, kuma Larabawa layi suke yi bayan magariba. Wanda nake saye a wurinsa a kewayen wuta yake kafa tsinkayensa, daidai yadda Malam ya kwatanta. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ban sake jin ɗuriyarsa ba. Allah ya sa yana raye.