Tambaya a kan Tony Lockett, gwanin ƙwallon Ostireliya

Ɗan Yamai: Ƴan'uwa, jiya a fadar shayinmu wani ya nuna mana bidiyon ƙwallon nan mai siffar ƙwai, yana ta yabon Tony Lockett. Don Allah, wane ne shi?

Malamin Tawa: Ƙanena, an haife shi a garin Ballarat na Ostireliya a 1966. Ya buga wa ƙungiyar St Kilda daga 1983 zuwa 1994, sannan ya koma Sydney Swans, inda a 1999 ya zarce Gordon Coventry, wanda kafin nan ya fi kowa cin ƙwallaye a babbar gasar ƙasar da ƙwallaye 1,299, daga baya ya kammala da 1,360, adadin da har yau babu wanda ya kamo.

Hajiya: Malam, abin da ya sosa mini rai shi ne, duk da lambar Brownlow ta gwarzon ɗan wasan shekara da ya samu a 1987, bai taɓa ɗaga kofin gasar ba, domin North Melbourne ta doke Sydney a wasan ƙarshe na 1996.