Neman kalmar Hausa: ƙofa ko zaure ga abin da ake kira gateway?

'Yan'uwa da dama sun kawo "ƙofa" ko "mashiga" a matsayin fassarar gateway, wato na'urar da ke haɗa rukunin kwamfutoci da waje, kuma ba laifi ba ne, sai dai ina ganin ya kamata mu duba aikin na'urar kafin mu raɗa mata suna.

Idan kwamfuta za ta aika ƙunshin bayanai, sai ta fara duba adireshin inda za shi. In yana cikin rukunin kwamfutocin da take, kai tsaye take aika shi. In kuwa na waje ne, sai ta miƙa shi ga na'urar da aka ayyana mata, wadda a gidaje da ofisoshi da yawa adireshinta 192.168.1.1 ne. Wannan na'ura ƙafa biyu gare ta, ɗaya a cikin rukunin, ɗaya a hanyar kamfanin da ke ba da intanet. Tana karɓar ƙunshin da ba nata ba, ta duba jadawalin hanyoyinta, ta rage ɗaya daga lambar wa'adin da ke jikinsa, sannan ta wuce da shi ga ta gaba. Lambar nan idan ta kai sifili sai a zubar da ƙunshin a sanar da mai aikowa, domin kada ya yi ta kewayawa har abada.

Ƙofa ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, a buɗe take ko a rufe. Shi ya sa na fi karkata ga "zaure", domin zaure ɓangaren gida ne amma yana fuskantar titi, ta nan kowa yake fita, kuma a nan baƙo yake tsayawa a ji wurin wa ya zo. "Mashiga" kuwa ta ambaci shiga kaɗai, alhali abin da kwamfutar cikin gida ta fi nema a wurin na'urar shi ne hanyar fita.

Wani malami ya ce ai sunan na'ura muke nema, zaure kuwa wuri ne. Allah gafarta Malam, abin da muke fassarawa matsayi ne. Kwamfuta mai babbar manhajar Linux takan zubar da duk ƙunshin da ba nata ba, bisa ƙa'idar intanet mai suna RFC 1122 ta 1989, amma da zarar an mayar da saitinta mai suna net.ipv4.ip_forward daga 0 zuwa 1, in dai tana da hanyoyin sadarwa biyu, ta zama zaure. Wayar hannu ma haka take zama idan aka kunna mata raba data.

Shi kuma sunan aikin kansa, wato wucewa da ƙunshi ga na'ura ta gaba, "turawa" ta riga ta zama ta mai saƙon asali, kamar tura kuɗi, "isarwa" kuma tana ɗauke da alkawarin kaiwa har ƙarshe, wanda zaure bai ɗauka ba. Ina ba da shawarar "miƙawa gaba", ta yadda za a ce: an kunna miƙawa gaba, kwamfutar ta zama zauren rukunin.