Neman Shawara: Anemophthoria, Guguwa Ce Ko Me?

Ɗaliba: Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwa. Ina ajin Helenanci a makarantar tauhidi, an ba mu aiki a kan kalmar anemophthoria da ke Haggai 2:17 a Septuagint, wato fassarar Tsohon Alkawari zuwa Helenanci. Na rubuta "ɓarnar guguwa", malaminmu ya ja jan layi a ƙasa bai ce komai ba. Ina matsalar take? Kuma me ya haɗa ta da anemophthoroi na Farawa 41:6?

Baba Fasto: 'Yata, raba ta biyu. Anemos iska ce, phthora kuwa lalacewa, daga aikatau phtheiro. Anemophthoria suna ce ta mace, siffarta ta mallaka kuma anemophthorias. A Haggai ta zo bayan kalmar en mai nufin "da", wato "na buge ku da ita". Amma ba guguwar da ke kwantar da hatsi ake nufi ba. Iska ce mai zafi da ke ƙona amfani yana tsaye, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Waɗanda suka fassara Attaura a Iskandariya, wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sun san irin wannan iskar a Masar. Ki duba Maimaitawar Shari'a 28:22, can ma cikin la'anoni take.

Malamin Nahawu: Baba ya gama magana. Ƙari kawai, ƙanwata: ta Farawa sifa ce, ba suna ba. Anemophthoros, namiji da mace siffa ɗaya, kamar yawancin sifofin da aka harhaɗa. Ta koma -oi ne don ta bi stachyes, zangarniyoyi bakwai na mafarkin Fir'auna, jam'in namiji. A Yusha'u 8:7 za ki ga anemophthora. Ki kula da inda alamar murya ta sauka: anemóphthoros, can baya, ma'ana abin da iska ta lalata, ba mai lalata iska ba. Malamai na son wannan tarkon a jarrabawa.

Wani ɗan'uwa: To ta sa "hunturu" mana?

Baba Fasto: A'a, ɗana. Hunturu sanyi yake kawowa. Ibrananci a Farawa cewa ya yi iskar gabas ta ƙone su. "Ƙunar iska" ya fi kusa.

Ɗaliba: Na gode, Baba. Zan sa "ƙunar iska", in yi bayanin sifar a ƙasa. Ranar Litinin za mu miƙa.