Baba ya bar mana gida, amma sai bayan ran matarsa: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Autar Gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya rasu bara a Landan, Allah ya ji ƙansa. Da lauya ya karanta mana wasiyya, sai muka ji cewa gidan namu ne mu uku, amma matarsa da ya aura bayan rasuwar mahaifiyarmu za ta zauna a ciki iyakar rayuwarta. Ba mu yi musu ba. Mace ce ta kirki, Anti muke ce mata, ita ta yi jinyarsa shekara huɗu.

Yanzu rufin ya fara yoyo. Ranar Lahadi na je na tarar da bokiti biyu a ɗakin sama, silin ya kumbura, fenti yana zubowa a kan darduma. Anti ta ce fanshonta ba zai ɗauki gyaran ba, kuma ai gidanmu ne. Yayana ya ce shi ba ya zuba kuɗi a gidan da ko mabuɗinsa ba ya hannunsa. Ni ce a tsakiya, kowa ni yake kira. Wa ya taɓa ganin irin wannan, kuma yaya kuka ƙare?

Dattijon Texas

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. 'Yata, ni na ga ɗan uwan wannan, amma a Amurka. Mahaifiyarmu da kanta ta je wurin lauya tana da ranta da lafiyarta, ta rubuta takardar mallaka cewa gidan nata ne muddin tana raye, bayan ta kuma ya zama namu mu huɗu. Dalilinta biyu. Ba ta so mu sha wahalar kotun gado, sannan an gaya mata cewa shirin Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, yana duba kyautar da mutum ya yi a shekara 5 da suka wuce kafin ya biya masa kuɗin gidan kula da tsofaffi, don haka gara ta yi da wuri.

Shekara shida bayan nan gwiwa ta hana ta hawa bene, ta ce za ta sayar ta koma ƙaramin wuri. A nan ta gane ta ɗaure kanta da hannunta. Mai saye ba zai karɓi sa hannunta ita kaɗai ba, don abin da ta mallaka yana mutuwa ne ranar da ta mutu. Sai mu huɗun duk mun sa hannu. Ƙanenmu kuwa ana bin sa bashi, masu bashin har sun samo hukuncin kotu a kan kasonsa na gidan da bai ma shiga hannunsa ba. Wata tara muka yi muna warware wannan ƙulli. Da aka sayar ma ba duka kuɗin aka ba ta ba, an raba ne da jadawalin hukumar haraji da ke kimanta sauran shekarun mutum. Tana zaune ana lissafa mata saura nawa. Ta yi dariya, amma ni ban ji daɗi ba.

Abin haushin, Texas na cikin jihohin da ake da wata takarda da ake kira Lady Bird, kamar Florida da Michigan, wadda ke bar wa mai gida ikon sayarwa ba sai ya tambayi kowa ba. Ba ita aka rubuta mata ba. Game da gyara kuwa, a nan mai zaman ne ke biyan harajin gida da ƙananan gyare-gyare, in ya bari gidan ya lalace masu jira suna iya kai shi kotu.

Mai Aikin Wasiyya

Baba Dattijo, a yi hattara, dokar Ingila ta sha bamban a nan. Shekara takwas ina aiki a ofishin lauyoyi a sashen wasiyya, irin wannan fayil kuwa ba ya yankewa a teburina.

Tun dokar kadarori ta 1925 mallaka iri biyu kawai doka ta sani kai tsaye a Ingila: mallaka ta dindindin, da haya ta ƙayyadaddun shekaru. Zaman iyakar rai ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai a ƙarƙashin amana. Ma'ana, 'yar uwa, gidanku yana hannun amintattu ne, wato waɗanda aka ɗora wa riƙe shi a madadinku da Anti, sunayensu ne ya kamata su kasance a rajistar filaye, kuma dokar amanar filaye ta 1996 ce ke tafiyar da aikinsu. Saboda haka kafin ke da yayanki ku ɓata, ki nemo su wane ne amintattun. Sau da yawa su ne dai waɗanda aka naɗa su zartar da wasiyyar.

Sannan ki karanta wasiyyar layi-layi. Mafi yawan waɗanda na gani suna da sharaɗi cewa mai zaman zai biya inshora da kuɗin wuta da ruwa, ya kuma riƙe gidan cikin gyara. In babu wannan sharaɗi, tsohuwar ƙa'idar Ingila ba ta kama mai zaman da laifin abin da ya lalace da kansa, sai abin da ya ɓata da hannunsa, kamar ya rushe bango. Ki duba kuma ko an ce haƙƙinta zai ƙare in ta sake aure ko ta bar gidan, da ko an yarda a sayar a saya mata ƙarami.

Abu ɗaya da iyalai ke mantawa: ba a biya harajin gado a kan gidan ranar da Baba ya rasu ba saboda matarsa ce ta amfana, amma ranar da ita ta rasu za a haɗa darajarsa da dukiyarta a yi lissafi. Rangwamen asali fam 325,000 ne, harajin kuma kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura haka, ko da yake akwai wasu rangwamen.

Sarkin Zolaya

Ku gaya wa yayan nan ya gyara rufi ya daina ƙirga kwanaki. A Faransa a 1965 wani lauya, André-François Raffray, ya yi yarjejeniya da wata tsohuwa 'yar shekara 90, Jeanne Calment, zai riƙa biyan ta faran 2,500 duk wata, in ta mutu gidanta ya zama nasa. Shi ya riga ta a 1995. Ita sai 1997 ta tafi tana da shekara 122, matarsa ce ta ci gaba da biya. Mai jiran gado dai sai haƙuri.

Gwaggon Yara

Na ga duk masu jira ne ke magana, bari ku ji daga bakin wadda ake jira. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a gidan mijina a kan irin wannan wasiyya. 'Ya'yansa ba su taɓa gaya mini baƙar magana ba, Allah ya sani. Amma in sun zo gaisuwa ina ganin idonsu yana bin bango, yana bin tagogi. Wata rana babbar ta shafa ƙofar kicin ta ce, “Gwaggo, wannan katakon ya fara ruɓewa.” Gaskiya ta faɗa, amma ban yi barci ba a daren.

Autar Gida, ki sani Antinku ba za ta iya cin bashin banki da gidan ba, ba za ta iya bar wa nata dangin ko bulo ɗaya ba, duk abin da ta kashe a rufin ku ne za ku ci moriyarsa bayan ta. Mu da injin ɗumama gida ya mutu cikin hunturu, zama muka yi da amintattu, yaran suka biya kashi biyu, ni ɗaya, aka rubuta aka sa hannu. Ba doka ce ta tilasta haka ba, kunya ce da zumunci. Ki je ki same ta ke kaɗai, kada ki je da yayanki karon farko.

Almajiri

Wannan a fikihu ma an san shi, umra ake ce masa, ba ta zuwa Makka ba. A mazhabar Malikiyya amfanin gidan kawai ake bai wa mutum iyakar ransa, asalin ya koma ga mai shi ko magadansa. Amma yin haka ta wasiyya ga matar da ita ma magajiya ce wata mas'ala ce daban da ke buƙatar yardar sauran magada. Ku tuntuɓi malami a kan wannan ɓangaren.

Ɗan Tsakiya

Namu ya zo da abin da ba wanda ya zata. Kakarmu ce mai zaman, mahaifina da ƙanensa ne masu jira. Sai Baffa ya riga ta rasuwa. Mun ɗauka kasonsa ya faɗi, ashe a'a. Wasiyyar ba ta ce “in sun rayu bayanta” ba, don haka kason ya tabbata nasa tun ranar da kaka namiji ya rasu, ya bi ta dukiyarsa ya faɗa wa yaransa, ƙaramin yana da shekara bakwai. Da muka so mu haɗu gaba ɗaya mu rushe amanar a sayar, lauya ya ce hakan na yiwuwa ne in duk masu haƙƙi manya ne kuma sun amince. Yaro ba ya sa hannu, sai ta kotu. Muka haƙura. Kalma huɗu da ba a rubuta ba.

Autar Gida

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko wasiyyar daren jiya. Amintattun ashe ni ce da wani abokin Baba, ni da nake ta neman wanda zan kai wa ƙara. Akwai layin da ya ce Anti ta biya inshora ta kuma kula da cikin gida, rufi kuwa ba a ambace shi ba ko sau ɗaya. Gwaggo, na ɗauki shawararki, gobe zan je ni kaɗai. Mai gyara ya ce zai fara shimfiɗa tamfol kafin ruwan ƙarshen mako. Mai Aikin Wasiyya, in amanar ba ta da ko fam ɗaya a asusu sai gidan kawai, daga ina amintattu ke samo kuɗin irin wannan aiki?