Muhawara: Sojan da ya riƙe addini yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa?

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: Salamu alaikum jama'a. Ni ra'ayina shi ne, sojan da ya riƙe salla da azkar ba shi kai ga tunanin kashe kai nai. Allah Ya hana a suratun Nisa'i, aya ta 29. Wanga zance na likitan ƙwaƙwalwa baƙon abu ne. Kakanninmu sun yi yaƙi, wa ya kai su asibitin ƙwaƙwalwa na Kware?

Baba Sajan mai ritaya: Alhaji, da girmanka, amma ba ka kwana ramin gadi ba. Tun 2009 ake fama da Boko Haram, anka yi farmakin soja na Lafiya Dole, anka koma na Haɗin Kai. Yanzu ga 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni, ga Lakurawa wajen Tangaza da Gudu. Yaro ya ɗauki gawar abokinai da safe, da marece a ce ya koma sintiri. Wanda ke ba mu salla a sansani bai barin tsayuwar dare, amma bayan mun dawo gida, ko ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya kwanta ƙasa yana laluben bindiga. Shi ma rashin imani ne?

Maman Khalifa: Baba, Allah Ya saka. Mu matan bariki mu muka san abin da ke dawowa gida. Maigidana ya dawo jiki lafiya, ko ƙwarzane babu, amma barci ya gagara. Ya zabura cikin dare jiƙe da gumi, yara su yi wasa ya daka musu tsawa, daga baya ya shige ɗaki ya yi ta kuka. Na ce mu je asibiti, ya ce in aka rubuta a fayil ɗinsa za a ce ya taɓu, ƙarin girma ya wuce shi. Wannan tsoron shi ya fi ciwon cin mutane.

Anti Nas: Sannu 'yar'uwa. Wannan firgicin da ke biyo bayan tashin hankali likitoci na ce masa PTSD, kuma yana da magani, da zaman tattaunawa da ƙwayoyi. Ku lura in mutum ya fara cewa ya zame wa iyali kaya, ko yana rabar da abin hannunsa, ko ya ƙaurace wa kowa, ko shaye-shaye ya ƙaru. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da makami, a kai shi asibitin bariki, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, ko na Kware a ranar.

Barista: In ƙara da ɓangarenmu. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Penal Code ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, har ɗaurin shekara 1. Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma wancan sashen bai tafi ba. Ta yaya mutum zai buɗe baki alhali yana hango kotu?

Malam Liman: Alhaji ya yi gaskiya, haramun ne, ba mai ja. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Mai hawan jini muna yi mai addu'a, kuma muna tura shi asibiti. Nan ma haka.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: Na ji Malam. Amma in anka buɗe wagga ƙofa, duk wanda ya ji tsoron daji sai ya ce kai nai ke ciwo. Wa za ya tsare ƙauyukkanmu?

Baba Sajan mai ritaya: Likita na gane mai ƙarya, Alhaji. Abin da ni ka tsoro shi ne a bar yaro shekara da shekaru bakin daga ba canji ba hutu, bai barci, a kuma miƙa mai bindiga cike. Wanga hatsari ne gare shi da abokan aikinai. A riƙa duba duk wanda ya dawo, daga kurtu har hafsa, kada a ware kowa balle a nuna shi da yatsa. Maman Khalifa, ki ce wa maigida gobe bayan la'asar ina tahe. Ni ma na sha maganin, zan hwaɗa mai da bakina.