Wane murhun gashi ne zai jure tafiya?

Jama'a, don Allah a ba ni shawara. Ina neman murhun gawayi na gasa kifi da nama, wanda za a ɗaure bayan babur zuwa bakin kogi a Argungu, a kwana can. Masu naɗewa na kasuwa kaurin ƙarfensu bai kai milimita 1 ba. Wuta biyu uku gindin ya lanƙwashe, ƙafafun su kama rawa. Na masu walda mai milimita 3 kuwa ba ya mutuwa, sai dai nauyi. Shin milimita 1.5 zai jure idan an shimfiɗa yashi ƙarƙashin garwashi, an huda gefe don iska? Ragar ɗora nama ce ta fi damuna: mai ruwan kwano, wato wadda aka shafe da zinc irin na kwanon rufi, hayaƙinta na cutarwa. Ina ake samun wadda ba ta tsatsa a Birnin Kebbi?